Gane Alamun Shaye-shaye a Cikin Iyali: Harshe, Kunya da Tsarin Gidan Bahaushe



1. Gabatarwa

A duk lokacin da aka ta da zancen shaye-shaye a birnin Katsina, hankalin jama'a yakan tafi ne ga ƙauraye da 'yan tasha da samarin da ke kwana a kangwaye. Ba safai ake kawo ɗan gida a rai ba, balle matar aure da ke cikin kulle, ko magidanci mai tebur da kujera a sakatariya. Amma kuwa kowane mashayi ɗan wani gida ne, akwai waɗanda suke sa hannu da shi a kwano ɗaya, kuma sau da yawa su ne na ƙarshen sanin halin da yake ciki. Mai kemis ya sani, mai shayi ya sani, 'yan majalisar ƙofar gida sun sani, uwa da uba kuwa sai ranar da 'yan sanda suka yi sallama.

Manufar wannan lacca ita ce a bi diddigin dalilin wannan jinkiri, sa'an nan a bayyana alamun da ake gane jarabar ƙwaya ko giya da su a jikin makusanci, da kuma abin da ya kamata a yi bayan an gane. Batun da za a tsaya a kansa shi ne, alamun a fili suke, al'adar zama da irin kalmomin da ake amfani da su ne suke sa iyali su gani su kau da kai, ko kuwa su gani su ba abin wani suna dabam.

2. Ma'anar wasu kalmomi

Kafin a yi nisa, ya dace a tantance kalmomi huɗu da akan cakuɗa. Ta farko ita ce maye, watau gushewar hankali ta ɗan lokaci saboda wani abu da aka sha. A rubuce ba ta da bambanci da maye mai kama kurwa, karin sauti ne ya raba su. Abin sha'awa shi ne Hausawa sun ari sunan mai kama kurwan suna kiran duk wanda ya kasa rabuwa da abu da shi, kamar mayen shayi ko mayen ƙwallo. Ta biyu ita ce shaye-shaye, wadda ninkin da ke cikinta yake nuna yawa da maimaici da bambancin iri, kamar yadda yake a ciye-ciye da tafiye-tafiye. Aikatau ɗin sha kuma yana da faɗi a Hausa, ya haɗa kurɓa da haɗiya da zuƙa da shaƙa. Ta uku ita ce sabo, wanda aka ce turken wawa ne. Ta huɗu ita ce jaraba, kalmar da aka aro daga Larabci, wadda ake nufin matsananciyar bukata da ita, irin wadda takan rinjayi mai ita ko da ya san akwai cuta a ciki.

Jaraba ita ce ta fi kusa da abin da likitoci ke nufi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin kundinta na rabe-raben cututtuka bugu na 11 wanda ya fara aiki a 2022, ta kafa abin a kan ginshiƙai uku. Na ɗaya, mutum ya kasa mallakar kansa game da lokacin sha da yawan abin da zai sha. Na biyu, shan ya sha gaban sauran al'amuran rayuwarsa, kamar aiki da karatu da iyali, ya kuma ci gaba da shi duk da ɓarnar da yake gani. Na uku, jiki ya saba, har abin da ke isarsa da can ya daina isarsa, in kuma ya rasa sai ciwo ya tashi. Saboda haka wanda ya taɓa yin maye sau ɗaya bai zama mai jaraba ba, haka kuma akwai mai jarabar da ba a taɓa ganinsa yana tangaɗi ba.

3. Yadda abin sa maye ya canza kama

Abin sa maye ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Burkutu da fito tsofaffin abubuwa ne a ƙauyukan Maguzawa na ƙasar Katsina da Kano, zaƙami kuwa a juji yake tsirowa. A zamanin mulkin mallaka an hana shigo da barasa mai ƙarfi cikin ƙasashen Musulmi na Arewa bisa yarjejeniyar Burasal ta 1890, amma duk da haka giya ta yi yawa a birane har Malam Mu'azu Haɗeja ya yi waƙa ta musamman a kanta a shekarun 1950. A 1966 gwamnatin soja ta kafa doka mai tsanani a kan tabar wiwi. A shekarun 1970 ƙwayoyin hana barci da ƙara kuzari suka bazu tsakanin direbobi da lebura da 'yan ƙodago. A 1989 aka kafa hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, watau NDLEA, a shekarar 2000 kuma Jihar Katsina ta shiga sahun jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci.

Daga nan sai abin sa maye ya koma shagon magani. Maganin tari mai kodin, da tiramol, da ƙwayoyin sa barci irin su roci da baliyam suka maye gurbin kwalba. A ƙarshen Afrilu na 2018 gidan rediyo da talabijin na BBC ya nuna wani bincike a kan cinikin kodin a Nijeriya, kashegari gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. A Janairu na 2019 aka fitar da sakamakon babban binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi da laifuffuka ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Binciken ya nuna kimanin mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani abin sa maye, ban da giya da taba, a cikin shekarar da ta gabace shi. Daga ciki miliyan 10.6 wiwi suka sha, miliyan 4.6 tiramol da danginsa, miliyan 2.4 kuma maganin tari. A shiyyar arewa maso yamma, inda Katsina take, adadin ya kai kashi 12 cikin 100, watau wajen mutum miliyan 3. Har ila yau, ɗaya daga cikin kowane mashaya huɗu mace ce, ɗaya daga cikin biyar kuma ya riga ya kai matsayin da yake bukatar magani.

Darasin wannan tarihi ga iyali a bayyane yake. Iyaye da kakanni sun koyi gane mashayi ta warin baki da tangaɗi da sambatu. Abin sa mayen wannan zamani ba shi da wari, cikin kwalin magani yake zuwa, ana kuma iya zuba shi cikin kwalbar lemo a sha a gaban kowa.

4. Abubuwan da ke rufe wa iyali ido

Abu na farko shi ne kunya. Al'ada ta sa uwa da uba ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa jan shi da hira, ba sa ƙura masa ido a gaban mutane. Wannan alkunya kyakkyawar ɗabi'a ce, amma ta ginu ne a kan zaman gandu, inda kaka da baffa da gwaggo suke cikin gida ɗaya suna sa ido a madadin iyaye. Ma'aikacin da ya tashi daga gidan gado a cikin birni ya koma sabuwar unguwa da matarsa da 'ya'yansa kaɗai, ya tafi da kunyar, ya baro masu sa idon a baya.

Abu na biyu shi ne tsarin gida. Da zarar yaro ya balaga akan fitar da shi zuwa shago a gefen zaure, ko ya koma kwana da abokai a wani gida. Uwa ba ta leƙa shago, uba kuma yakan fita tun da safe, sai bayan lisha ya dawo. Ta haka saurayi zai shekara ba wanda ya san lokacin kwanciyarsa ko na tashinsa. A cikin gida kuma, matar aure za ta iya aiken yaro kemis ba tare da kowa ya tambaya ba, domin ai magani aka ce a sayo.

Abu na uku shi ne saye. Hausawa ba sa son kiran mugun abu da sunansa. Mashayin giya akan ce yana shan ruwa, mai shan wiwi a ce yana taɓa hayaƙi, yaron da ya lalace a ce ƙuruciya ce ke damunsa, ko a ce abokai ne suka ja shi. Saye yana kare mutunci, amma yana rage wa magana nauyi, har mai faɗa da mai ji su ɗauka abin bai kai ya kawo ba.

Abu na huɗu shi ne fassarar da aka saba yi wa ciwo. Tiramol idan ya yi yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, sai a ce iska ce ko sammu, a nufi wajen mai ruƙiya. Wanda jikinsa ya saba da kodin ko tiramol, in ya rasa na kwana ɗaya ko biyu, yakan yi ta hamma da zubar hawaye da majina da gumi da ciwon gaɓoɓi da gudawa, sai a ce zazzaɓin cizon sauro ne ko shawara. Zazzaɓin da yake warkewa cikin sa'a guda bayan mai shi ya ɗan fita waje ya dawo, abin a yi tunani ne a kansa.

5. Alamun da za a lura da su

Ka'idar farko ita ce a auna mutum da yadda aka san shi, domin canji shi ne babbar alama. Mai yawan magana da ya koma shiru, da shiru-shirun da ya koma mai surutu, duka biyu abin lura ne. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to a nan ma daga jiki za a fara.

Kodin da tiramol suna sa gyangyaɗi da rana tsaka, da ƙaiƙayin jiki, da taurin bayan gida, baƙin ido kuma ya tsuke ya koma kamar kan allura. Wiwi yana sa jan ido, da cin abinci fiye da kima, da dariya ba dalili, wani lokaci da zargin cewa ana maganar mutum ko ana binsa. Roci da baliyam suna sa nauyin harshe da mantuwa, har mutum ya yi faɗa da dare ya wayi gari bai san ya yi ba, wani nau'in roci kuma yakan rina harshe ya yi shuɗi. Mai shaƙar sholisho akan ji warinsa a tufafinsa, a kuma ga ƙuraje a gefen hanci da baki. Mai jarabar giya kuwa hannunsa yakan yi karkarwa da safe har sai ya kurɓa, kuma ba ya rabuwa da goro ko alewa ko turare don kashe wari.

Bayan jiki sai lokaci. Barci yakan juye, dare ya zama rana. Sallar asuba ita ce takan fara kuɓucewa, daga nan cin abinci tare da jama'a ya biyo baya. Watan azumi ma'auni ne babba, domin mai jaraba yakan sha wuya ƙwarai a kwanakin farko, ya yi ta fushi da rashin lafiya, da an sha ruwa kuma ya ɓace.

Sai kuma kuɗi. Jaraba tana da tsada, kuma kullum ƙaruwa take yi. Da farko roƙo ne da ƙananan dalilai, daga baya bashi, daga nan a fara neman waya ko atamfa ko tukunya a rasa. A wajen matar aure, kuɗin cefane da na adashi da kayan ɗaki su ne suke fara nuna alama. A bayan ɗaki ko cikin kwata kuma akan tsinci fankon kwalabe da ɓawon katin ƙwaya. Lambar da ke jikin katin ma shaida ce: tiramol da aka amince a sayar a Nijeriya mai miligiram 50 ne da mai 100, wanda aka rubuta 200 ko 225 a jikinsa ta ɓarauniyar hanya ya shigo.

Harshe ma yana tona asiri. Kowane rukunin jama'a yana da sararsa, mashaya kuma suna da tasu, wadda suke sauyawa da zarar manya sun gane ta. Idan yaro ya fara magana a waya da kalmomin da ba a san su a gida ba, kamar caji da cakewa da kaya, ko ya tsiri jan murya da lanƙwasa harshe, ko ya daina kawo tsofaffin abokansa gida, sababbin kuma ba sa yarda su shigo zaure su gai da kowa, to a tuna cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Ga ɗalibai, abin yakan faro ne lokacin jarrabawa, da sunan neman ƙarfin karatun dare. Abokin ɗaki shi ne yake fara ganin fashin lacca, da faɗuwa a darussan da a da ake ci, da kuɗin rajista da aka karɓo daga gida ba a biya ba. Ga ma'aikata kuwa, alamun su ne makara ranar Litinin, da ɓacewa daga ofis da hantsi, da takardun da ke kwana a kan tebur, da cin bashi tun kafin tsakiyar wata, da saurin fushi a kan ƙaramar magana.

6. Tsakanin zato da tabbaci

Wajibi ne a yi hattara a nan. Ba wata alama ɗaya daga cikin waɗannan da ta isa hujja. Ciwon sukari da ciwon damuwa da farfaɗiya ta gaskiya da balaga kanta duk suna iya kawo irinsu. Aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta yi hani ga yawan zato da binciken asirin mutane, Hausawa ma sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Sai dai uba a kan ɗansa, da miji da mata a kan junansu, amana ce aka ɗora musu, kuma lura da wanda ake riƙo dabam take da leƙen asirin maƙwabci. Abin da ake nema shi ne alamu da yawa, daga fannoni dabam-dabam, waɗanda suka daɗe suna maimaituwa.

Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka mai suna John Ewing ya tsara tambayoyi huɗu game da giya, ya buga bayaninsu a 1984, daga baya aka faɗaɗa su suka haɗa da ƙwaya. Ana tambayar mutum ko ya taɓa jin ya kamata ya rage, ko yakan ji haushi in an yi masa maganar shansa, ko yakan ji nadama a kansa, ko kuma ya taɓa bukatar sha da sassafe kafin jikinsa ya daidaita. Wanda ya amsa biyu da e, ya kamata likita ya duba shi. Asibiti kuma yana iya gwajin fitsari, wanda ya fi rantsuwa da musu amfani.

7. Abin yi bayan an gane

Matakin farko shi ne magana, kuma al'ada ta tanadi masu yin ta. Abin da kunya ta hana uba faɗa, kawu zai faɗa. Wasan da ke tsakanin kaka da jika, da na taubasai, ƙofa ce da ake shigar da magana mai ɗaci ba tare da an ɓata ba. Matar da ta ga alama a jikin mijinta tana iya samun yayansa ko amininsa. A zaɓi lokacin da mutumin yake cikin hayyacinsa, a keɓe, a faɗi abin da ido ya gani ba tare da laƙabi ba. Kawun da ya ce, "Ɗana, wata uku ke nan ba a ganinka a masallaci da asuba, ga rama, ga bashi, me ke damunka?" ya fi kusa da samun amsa a kan wanda ya buɗe baki da kiran yaro ɗan ƙwaya. Musu shi ne amsar farko a mafi yawan lokuta, saboda haka ba a yanke ƙauna a zama ɗaya.

Abubuwa uku ne ya kamata a guje musu. Na farko tsinuwa da kora. Imam Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi da aka sha kawowa ana yi masa haddi saboda giya, da wani ya la'ance shi sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. Yaron da aka kora daba ce za ta karɓe shi. Na biyu rufa-rufa, watau biyan bashinsa a ɓoye da yi masa ƙarya a ofis ko a makaranta, domin wannan yana tsawaita ciwon ne kawai. Na uku mari da duka. A Oktoba na 2019 'yan sanda sun shiga wasu gidajen mari a Daura da cikin birnin Katsina, suka fito da ɗaruruwan samari da yara, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a jiki. Iyaye ne suka kai akasarinsu da hannunsu, da kyakkyawar niyya, don ba su san wata hanya ba. Bugu da ƙari, yanke wa mai jarabar giya ko ƙwayar barci shansa farat ɗaya yana iya jawo jijjiga da ruɗewa har da mutuwa cikin 'yan kwanaki, saboda haka a hannun likita ake yin sa. Abin lura ne cewa haramcin giya ma daki-daki ya sauka, daga Suratul Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida.

Wurin zuwa shi ne asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, kuma likitocin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina suna iya dubawa su tura mutum inda ya dace. Hukumar NDLEA ma, ban da kame, tana da sashen ba da shawara. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta tabbatar wa irin waɗannan marasa lafiya haƙƙin a kula da su cikin mutunci. Addu'a da nasiha suna tafiya tare da magani, ba su hana shi ba. A kuma sani cewa komawa ruwa bayan an daina abu ne da ke faruwa. Binciken likitoci a Amurka ya nuna kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani sukan koma, kwatankwacin yadda masu hawan jini da asma suke yi, kuma ba a cewa maganin hawan jini ya gaza don ciwon ya sake tashi.

Akwai kuma halin gaggawa da ya kamata kowa ya sani. Idan aka tarar da mutum ba ya farkawa, numfashinsa ya yi ƙasa, yana minshari mai nauyi, leɓɓansa sun canza launi, to a kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa madara ko manja, domin suna iya shiga huhu. A garzaya da shi asibiti tare da kwalbar ko katin da aka gani kusa da shi, a kuma gaya wa likita gaskiya. Kodin da tiramol suna da makari, amma sai an isa da wuri.

8. Kammalawa

An ga cewa abin sa maye ya bar kwalbar giya ya shiga kwalin magani, alhali idon iyali yana nan yana neman tsofaffin alamu. An ga kuma yadda kunya da shago da saye da fassarar iska suke jinkirta ganewa, da irin canje-canjen jiki da lokaci da kuɗi da harshe da za a lura da su. Abin da ya rage aiki ne na yau da kullum: uba ya riƙa leƙa shago, a dawo da cin abinci tare, a ba kawu da kaka matsayinsu, ɗalibi ya kula da abokin ɗakinsa, shugaban ofis ya kira na ƙasa da shi ya tambaye shi lafiya kafin ya rubuta masa takardar tuhuma. Hannun mutum ba ya ruɓewa ya yanke ya yar, magani ake nema masa, kuma gwargwadon saurin ganewa gwargwadon sauƙin maganin.

Allah Ya shirya zuriya, Ya ba marasa lafiya lafiya.